FIJO 504: YADDA AKE GANE TA ASALI, DA WADDA GYARA ZAI KARƁA



Da wuya a sami tsohuwar unguwa a Kaduna, Kano, Zariya ko Maraɗi da babu Fijo 504 a ajiye a wani lungu, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Galibi ta mahaifi ce ko ta kaka, magada sun rasa yadda za su yi da ita. Wani ya ce a gyara, wani ya ce a kira 'yan gwangwan su auna a raba kuɗin. Akasari 'yan gwangwan ke yin nasara, a faskara motar da gatari, a loda ta zuwa masana'antar narka ƙarfe. Kafin a yanke irin wannan hukunci, ya kamata a san abin da ke hannu: wace irin mota ce, me ya rage a jikinta na asali, kuma in an kashe mata kuɗi za ta tashi ko asara za a tafka. Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin tarihin motar.

DAGA SOSHO ZUWA KAKURI

Kamfanin Peugeot, wanda bakinmu ya mayar Fijo, ya fito da 504 a shekarar 1968 daga masana'antarsa ta garin Sosho a gabashin Faransa. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Ta fara da inji mai cin sisi 1796, a 1970 aka ƙara shi zuwa 1971, akwai kuma mai shan gas. Wagon ta biyo baya a farkon shekarun 1970, a-kori-kura kuwa sai a ƙarshensu. Sunan da ta yi a Afirka ba a banza ta same shi ba. A 1975 direban nan ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a shekarar kuma ta ci na Maroko da na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida.

A Najeriya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin. An yi wa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a 1972, aka fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Shekarar ta zo daidai da cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas. A wancan zamani ta sama ake kawo kayan Fijo: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA su ɗebo su daga Liyon su sauke a filin jirgin sama na Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. PAN na cikin jerin masana'antun da aka kafa a shekarun arzikin man fetur, tare da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi da ta manyan motocin Fiat a Kano.

Lokacin mulkin soja na Obasanjo, da aka shigo da tsarin rage facaka a gwamnati, 504 ta zama motar hukuma. Babban sakatare a cikinta yake, kwamishina a cikinta, ɗan sanda ma haka. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi tasa, direban tasha ya sayi wagon yana jigila tsakanin Kano da Jos ko Sakkwato. Faransa ta daina sayar da salun ɗin a Turai a 1983, bayan 505 ta karɓi fage, amma Ajantina ta ci gaba da yin ta har 1999, Kenya ta wuce haka, Kaduna kuwa ta riƙe ta shekara ashirin da 'yan kai bayan Faransa ta saki. Duka-duka an ƙera sama da miliyan uku a duniya.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Babangida. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na kamfani suka yi tsada. Daga nan 'yan Kwatano suka cika gari, kasuwannin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama asibitin Fijo. Wannan ne ya sa yau da wuya ka ga 504 da ba a taɓa yi mata dashe ba: inji daga wata, ƙofa daga wata, fitila daga Taiwan. Makanikan da suka yi hakan ba laifi suka yi ba, su ne ma suka sa motar ta kai yau. Sai dai sun bar wa mai son sanin asali aikin tsince tsakuwa a shinkafa.

MECE CE ASALI?

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. In aka ce kayan asali, hankalinsu Faransa yake tafiya. Alhali 504 iri biyu ce a ƙasar nan: wadda aka shigo da ita a haɗe daga waje, da wadda aka haɗa a Kakuri. Ta Kakuri, tun tana sabuwa, akwai kayan gida a jikinta, don manufar kafa masana'antar ke nan. Batir, kujeru, fenti da taya na cikin abubuwan da ake samowa a cikin ƙasa, lokacin Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Legas. Saboda haka kayan da ke ɗauke da tambarin Najeriya a jikin motar Kaduna yana iya zama shi ne na ranar da ta fito. Wanda ya cire shi ya sa na Faransa don ya burge, ya goge shaidar da ta bambanta motarsa da sauran miliyoyin. Ma'aunin asali shi ne yadda wannan motar ta fito daga masana'antar da ta haɗa ta, a shekarar da aka haɗa ta.

Bincike daga lamba yake farawa. A ɗakin inji akwai ɗan faranti na kamfani da aka kafe, ɗauke da samfuri da lambar motar, sannan an buga lambar a jikin ƙarfen motar kanta. Inji ma yana da tasa a jikin bulok. A gwada waɗannan da abin da ke cikin takardu. A duba yadda aka buga haruffan: na kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya. In ka ga alamar gurza, ko walda ta zagaye wurin lambar, ko faranti tsoho da sababbin kusoshi, to a dakata da ciniki. Tsarin lamba mai haruffa 17 sai a farkon shekarun 1980 ya zama gama-gari, don haka motar 1974 mai gajeriyar lamba ba abin zargi ba ce. A tsarin 17 ɗin, motocin Peugeot na Faransa da VF3 suke farawa, kuma ba a sa haruffan I, O da Q a ciki, gudun kada su rikice da 1 da 0.

Tarihin ƙasa ma yana ba da shaida. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, shekara uku kafin Kakuri ta fara aiki. Ke nan 504 mai sitiyari a dama ko dai ta riga wannan sauyi shigowa, ko daga ƙasa irin Ingila ko Kenya ta fito. Tsohuwar lambar rajista mai farawa da haruffan jiha, irin KD ko KN, da rasiɗin saye, da katin sabis, duk suna ƙara wa mota daraja ko da an daina amfani da su. Kada a zubar.

Bayan lamba sai tsarin jiki. Salun ta farko kowace ƙafarta ta baya tana lotsawa ita kaɗai, kuma birkin faranti ne a ƙafa huɗu. A 1973 aka fito da samfurin L mai rahusa, wanda ƙafafunsa na baya ke haɗe a sanda ɗaya. Wagon ma sanda ɗaya ce, amma da sifirin huɗu a baya saboda kaya, abin da ya sa direbobin tasha suka ƙaunace ta. Motocin farko giyarsu a jikin sitiyari take, daga baya ta sauko ƙasa. Fitilun gaba masu kusurwa su ne fuskar da muka sani, masu zagaye huɗu kuwa an yi su ne don kasuwanni irin Amurka. Harafin da ke manne a but, GL ko GR ko SR ko Bestline ta ƙarshen zamani, kada a yarda da shi shi kaɗai, domin da sukurdireba ake sauya shi. A leƙa ƙarƙashi a ga ko ƙafafu sun gaskata abin da but ya faɗa.

Sannan ƙananan kaya. Peugeot ba ita ke yin komai ba, tana da kamfanonin da ke yi mata, kuma kowanne yana barin sunansa. A motar Faransa za ka tarar da Cibié ko Marchal a gilashin fitila, Jaeger ko Veglia a agogon dashbod, Solex ko Zenith a kafireto, Ducellier ko Paris-Rhône a kayan wuta, Neiman a makullin sitiyari. Sunan a cikin gilas ko ƙarfen ake zuba shi, ba takarda ake liƙawa ba. Harafin E a cikin da'ira tare da lamba yana nuna ƙasar da ta amince da ingancin kayan: E1 Jamus, E2 Faransa. Gilasan ƙofofi kowanne yana da tambari a kusurwa. In uku sun yi daidai na huɗu ya bambanta, an taɓa sauya shi, kuma ya kamata a tambayi dalili, don sau da yawa bayan haɗari ne. Na jabu kuwa hannu ma yana gane shi: bai kai nauyi ba, rubutunsa ya dusashe, ramukan noti ba sa zama daidai sai an tilasta.

Akwai kayan da asalinsu ba abin alfahari ba ne. Taya, tiyon birki, bel da robobi suna mutuwa ko ba a hau motar ba. Lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobin uku ne, tayar ta riga shekarar 2000. Irin wannan a ajiye ta don tarihi, kada a hau titi da ita.

WADDA ZA TA TASHI

Mai saye na farko abin da yake tambaya shi ne, tana tashi? A 504 wannan ce tambaya mafi sauƙi. Injinta bulok ɗin ƙarfe ne da kan alminiyam, a kishingiɗe, kuma silindojinsa silif ne da ake zarewa a sa sababbi. Shi ya sa inji ɗaya ke iya komawa sabo sau da yawa, kuma har yau akwai dattawan makanikai da suka san shi kamar yunwar cikinsu. Abin kiyayewa ɗaya: in an cire kan inji, silif ɗin na iya motsawa, abin da ya toshe gindinsa ya saki, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Wanda ya san aikin yana danne su kafin ya juya injin. Samfurin da ke da wuyar sha'ani shi ne mai famfon fetur na Kugelfischer a madadin kafireto, don masu iya saita shi ƙalilan ne. In an same shi cikakke, abu ne mai daraja, kada a bari a cire a jefar.

Motar da ta shekara goma a ajiye ba a sa mata batir a murza makulli. Tsohon fetur ya zama danƙo, man birki ya sha ruwa, zoben fistan wataƙila ya kama. A cire fulogi, a ɗiga mai a silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da sifana a hankali. In ya juya, akwai fata. A zaro sandar gwajin mai: in man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Abin da ke yanke wa 504 hukunci shi ne jikinta. Salun da wagon ba su da shasi daban da za a ɗora sabon jiki a kai, jikin shi ne ƙashin bayan motar. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba daɓen, a duba dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, wurin sa jak, saman shokazoba a ɗakin inji, ƙarƙashin batir, gindin gilashin gaba, ƙasan but, da inda ƙafafun baya suka kama jiki. Tsatsar da ta tsaya a fuska ana kankare ta. Wadda sukurdireba ke hudawa a wuraren da ke ɗaukar nauyi, aikinta ya fi kuɗin motar. A nan Arewa ta yi sa'a: busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar raɓar Legas da Fatakwal, ko gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, wanda 'yan Kwatano da yawa suka zo da cutarsa a ciki. Namu ciwon daban ne: rana tana farfasa dashbod da robobi, lodi fiye da kima da ramukan hanya suna tsaga jiki, musamman wagon da ta yi aikin tasha.

Sabon fenti a kan tsohuwar mota abin tuhuma ne, sau da yawa kitso ne aka yi a kan ƙwarƙwata. A sami ɗan maganaɗisu a naɗe a ƙyalle a bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa, bodifila ce aka cika. A duba tazarar ƙofofi da bonet: in gefe ɗaya ya matse ɗaya ya buɗe, motar ta taɓa karkacewa. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, tazara ɗaya. Doguwar walda mai kumburi aikin gareji ce. Kalar asali kuwa tana ɓoye a ƙarƙashin robar ƙofa, cikin but da bayan dashbod, inda mai fenti ba ya kaiwa.

Abu na gaba shi ne cikar kaya. Fistan da bel ana samu. Abin da ke wahalarwa shi ne fitilar asali, bamba mai ƙyalli, marfin taya, dashbod marar tsaga, hannun ƙofa, tambarin zaki. Mota cikakkiya da injinta ya kama ta fi mai tashi da aka yi wa tsirara. Takardu kuma su ne gaba da komai. Motar gado sai duk magada sun amince, wadda lambarta ta saɓa da takarda kuwa ko kyauta aka ba ka, rigima ka karɓa.

GYARA KO BARI?

Ba kowace tsohuwar mota ke son a mai da ta sabuwa ba. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana kiran mota ta tarihi in ta kai shekara 30, an riƙe ta a kamanninta, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. Yarjejeniyarta ta Turin, da ta fara aiki a 2013, ta bambanta adanawa da maidowa, ta kuma nemi a girmama alamun da zamani ya bari a jikin mota, a rubuta duk abin da aka sauya. A gasar Pebble Beach ta Amurka, inda aka saba ba motocin da aka gyara tas kambu, a 2024 wata Bugatti ta 1934 da aka bari da tsufanta ce ta zo ta ɗaya, karo na farko da hakan ta faru.

Muna da misali a gida. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Duk wanda ya cike ramukan nan ya fesa fenti, gyaran gangar Auzinawa ya yi. Haka a 2011 aka yi gwanjon wata 504 ta 1977 mallakar shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan kusan dala miliyan biyu da rabi, don gina wa mabuƙata gidaje. Ƙarfenta bai fi na wadda ke lungunku ba, wanda ya hau ta aka saya.

Don haka motocin nan kashi uku ne. Mai fentinta na asali, kujerunta da takardunta, a wanke ta, a gyara birki da inji, a sa ta a inuwa, a bar mata tsufanta. Mai lafiyayyen jiki amma an yi mata dashe da yawa, ita ce ta maidowa, a hankali, ana ɗaukar hoton komai kafin a kwance, ana ajiye duk abin da aka cire. Wadda tsatsa ta cinye ko ta karye a tsakiya, ta gama nata, amma kafin ta tafi wurin 'yan gwangwan a cire fitilu, gilasai, agogo, bamba da tambari, domin su ne za su ta da wata.

Maganar riba kuwa, a faɗi gaskiya. Masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen sama, waɗanda Pininfarina ya yi wa jiki a Italiya, su ne ke tsada a kasuwar Turai. Salun ta gama-gari da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu, in sayarwa ake nufi. Mai shiga wannan aiki ya shiga don motar mahaifinsa ce, ko don yana son jikokinsa su ga abin da hannun ma'aikatan Kakuri ya haɗa. Peugeot ta buɗe gidan tarihinta a Sosho tun 1988, tana ajiye da samfuran da ta ƙera. Na Kaduna, mafi yawansu a hannun iyalai suke, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Wanda ke da ita a gida, ko bai da kuɗin gyara yanzu, akwai abin da zai iya a wannan makon: ya ɗauki hoton farantin lamba da na inji, ya tattara takardun wuri ɗaya, ya ɗora motar a kan bulo, ya rufe ta daga rana da ruwan sama. In kuma dattijon da ya saye ta ko ya tuƙa ta yana raye, a zauna da shi a rubuta shekarar da ya saya, nawa ya biya, da garuruwan da ta je.